Jimi Jimi: Waƙar Da Ta Ƙi Zama A Gida Ɗaya

Yau zan ɗan jingine zancen littattafai in ba ka tarihin wata waƙa da na daɗe ina bin sawunta, wadda duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Hausa shekaru arba'in da suka wuce ya san ta, ko da kuwa bai san ma'anar kalma ɗaya a cikinta ba. Ina nufin waƙar Indiyar nan da muke kira Jimi Jimi.

A garinmu Danko na fara jin ta, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, tun kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991. Yayana soja ne, kamar yadda samarin ƙasar Zuru da yawa suke, shi ne ya zo hutu da rediyo mai cin kaset. Da yamma sai ya fito da ita ƙofar gida, yaran unguwa mu kewaye shi, mu yi ta tsalle har batir ya yi sanyi muryar mawaƙiyar ta koma ta ƙato. Tunda ba ma jin Indiyanci, sai kowa ya cusa mata kalmomin da bakinsa ya iya. Fim ɗin kansa kuwa sai daga baya na gan shi a wani gidan bidiyo a Zuru, ana kallo janareta na ta ƙugi a bayan ɗaki.

Sunan fim ɗin Disco Dancer, ya fito a 1982, Babbar Subhash ya ba da umarni, Mithun Chakraborty ne jarumin. Bappi Lahiri ya haɗa kiɗan, wadda ta rera kuma Parvati Khan ce, haifaffiyar tsibirin Tirinidad. Abin da ya ba ni mamaki ranar da na ga fim ɗin shi ne, ashe waƙar da muke yi wa tsalle ba ta murna ba ce. Maƙiyan Jimi sun haɗa wa jitarsa wutar lantarki don su kashe shi, mahaifiyarsa ta riga shi taɓawa ta mutu. Tun daga nan ya kasa waƙa, ko jita ya gani sai jikinsa ya ɗauki rawa. To budurwarsa ce ta hau dandamali tana kiran sa ya dawo hayyacinsa. Waƙar lallashi ce aka yi mata kiɗan rawa.

Da finafinan Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, har waƙa da rawa suka zama gishirinsu, ina cikin masu zagin mawaƙanmu da cewa ɓarayin karin Indiya ne. Na yi wannan musu a majalisa ba sau ɗaya ba. Ban ma tsaya na tuna cewa aron ya girmi fim ɗin Hausa ba, domin kuwa masu bandiri a Kano, irin su Ushaƙu Indiya, sun daɗe suna ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora masa begen Annabi, abin da wani Bature mai bincike, Brian Larkin, ya yi rubutu a kai. Shi ma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin wannan aro sosai.

Ranar da bakina ya mutu ita ce ranar da na ji wata waƙar Faransanci mai suna T'es OK, ta ƙungiyar Ottawan, wadda ta fito a 1980. Wallahi amshin na farawa na gane shi. Karin Jimi Jimi ne, shekara biyu kafin a haifi Jimi Jimi! Mawaƙan Ottawan baƙaƙen fata ne masu asali da tsibiran Karebiyan, masu shirya musu kiɗa kuma Daniel Vangarde da Jean Kluger. Ashe mai kayan da nake tsaya wa shi ma arowa ya yi. Sai dai ka lura, ta Faransa waƙar gidan rawa ce kawai, Bappi Lahiri ne ya ɗauki karin ya zuba masa kukan mace mai kiran wanda take so.

Daga nan waƙar ba ta sake zama ba. A 1984 aka nuna fim ɗin a Tarayyar Sobiyet, mutane sama da miliyan 60 suka kalle shi, har Mithun ya zama kamar ɗan gida a can. A 2007 mawaƙiyar Landan M.I.A., 'yar Tamil mai asali da Siri Lanka, ta sake rera ta da Turanci a kundinta Kala, ta sa mata suna Jimmy, ta kuma ce waƙar da take yi wa rawa ce tana ƙarama. A 2008 sai ga bidiyon wani ɗan ci-rani daga Tajikistan, Baimurat Allaberiyev, da ke leburanci a Rasha, yana rera ta yana kiɗa da tafin hannu a kan ƙarfe, abin da ya fito da shi duniya ta san shi. A ƙarshen 2022 kuma, lokacin kullen korona a ƙasar Sin, mutane suka gano cewa sunan Jimi a kunnensu ya yi kama da a ce a ara mini shinkafa. Sai suka riƙa ɗaukar kansu a Douyin riƙe da tukwane wayam suna bin waƙar, suna faɗa wa hukuma cikin raha abin da ba su isa su faɗa kai tsaye ba. Bappi Lahiri bai ga wannan ba, ya riga mu gidan gaskiya a watan Fabrairun shekarar.

To amma duk cikin waɗanda suka sake rera ta, wadda ta fi zauna mini a rai ba ta cikin kowane kaset. Yayana na cikin sojojin ECOMOG da aka tura Laberiya bayan ɓarkewar yaƙin ƙasar. Ya dawo da ƙafafunsa da hannuwansa lafiya, amma mutumin da ya tafi ba shi ne ya dawo ba. Sai ya wuni a gindin bishiya bai ce uffan ba, rediyon nan kuwa ƙura ta rufe ta. Matarsa, 'yar Dabai ce, in tana surfe ko tana tankaɗe sai ka ji ta ɗauko karin Jimi Jimi a hankali, ta sa masa kalmominta na Dakarci, inda sunan Jimi yake ta sa sunan da take kiran mijinta da shi. Ba ta taɓa ganin fim ɗin ba, ba ta san labarin jitar ba, amma ta mayar da waƙar daidai inda aka yi ta domin shi.

Ba zan ce maka waƙa ce ta warkar da shi ba, ko a fim ɗin ma kiran farko bai tayar da Jimi ba. An sha magani, an sha addu'a, an ɗauki shekaru. Abin da na gani da idona shi ne, wata rana da kaka ana sussukar dawa, ta ɗauko waƙar, sai na ga yatsun Yaya suna bin kiɗan a kan ƙotar fartanya. Ta gani ita ma, ba ta ce komai ba, ta dai ci gaba da rerawa hawaye na zuba.

Tun daga lokacin da na haɗa wannan da labarin Ottawan na daina gaggawar kiran mawaƙi ɓarawo. Haƙƙin mai kaya yana nan, ya kamata a ambace shi a kuma biya shi, wannan ba na musu a kai. Amma in na ji an ari kari, tambayar da nake yi yanzu ita ce, me mai aron ya zuba a ciki? Wani kan dawo da ƙwaryar aro wayam, wani kuwa sai ya ciko ta da furar gidansu.

Yaya ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Rediyon tana wurina, ba ta aiki, na kuma hana yara su yar da ita. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in da rai da lafiya.