Yadda Jikin Matasa Masu Karkacewar Ƙashin Baya Ke Karɓar Motsa Jiki: Bitar Bincike

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin wasu binciken da aka yi kan numfashi da ƙarfin tsokar matasan da ƙashin bayansu ya karkace gefe ba tare da sanannen dalili ba. Ta nuna cewa awon huhu a zaune yana ɓoye matsalar, tana kuma ganin hana yaran wasa yana ƙara musu rauni.

Gabatarwa

Likitoci kan tabbatar da lalurar idan karkacewar ta kai digiri 10 a hoton ƙashi, bisa ma'aunin da John Cobb ya fitar a Amurka a 1948. Tana samun kusan kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na masu tasowa, kuma ta fi tsananta ga 'yan mata. Ƙashin yana lanƙwasa, yana kuma murɗewa, ya ja haƙarƙari tare da shi. Shi ya sa idan yarinya ta sunkuya gaba, ɗaya gefen bayanta ke tasowa fiye da ɗayan.

Abin da bincike ya gano

Matashin da karkacewarsa ba ta yi tsanani ba yakan hura na'urar awon huhu a ga komai daidai. Sai an ɗora shi kan na'urar gudu sannan lamarin ke bayyana. Barrios da abokan aikinsa a Sifen sun nuna a 2005 cewa 'yan mata masu matsakaiciyar karkacewa suna gajiya kafin sa'o'insu, kuma iskar oksijin da jikinsu ke iya sarrafawa a ƙarshen ƙoƙari ta gaza ta masu lafiya. Ƙirjin ba ya buɗewa yadda ya kamata, don haka numfashin ke zama gajere kuma da sauri, haki ya zo da wuri.

Amma laifin ba na huhu kaɗai ba ne. Martínez-Llorens da tawagarta sun gano a 2010 cewa har tsokokin hannu da ƙafa suna da rauni. A ra'ayin mai wannan maƙala, nan ne bakin zaren: yaron da iyaye suka hana ƙwallo da guje-guje don tausayi, ko wanda kunya ta zaunar, tsokarsa takan ƙara lalacewa. Wani binciken da aka yi a Sao Paulo ta Barazil a 2006 ya sa matasa atisaye sau uku a mako na wata huɗu, numfashinsu kuwa ya inganta.

Atisaye ba ya maye gurbin rigar tallafi idan karkacewar ta kai digiri 25 zuwa 40 yaro na cikin girma. Gwajin BrAIST na 2013 ya tabbatar da amfaninta. Hanyar atisaye ta Schroth kuwa, wadda ta faro a Jamus a 1921, tana haɗa gyaran tsayuwa da horon numfashi.

Shawara

Ya kamata asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano su riƙa auna numfashin waɗannan matasa a lokacin motsa jiki, malaman makaranta kuma su bar su cikin filin wasa tare da sa'o'insu.