Littafin Ɗakin Magani da Cututtukan Shekara

In kun je ɗakin magani a Bagwai, kun ga malamin asibiti yana rubuta sunan mutum, da unguwarsa, da abin da ke damunsa. Waɗansu suna cewa ɓata lokaci ne. To, ku saurara ku ji asalin abin.

Kowa ya san kowace cuta da lokacinta. Da hunturu sai mura da tari da ciwon haƙarƙari. Da bazara sai sanƙarau. In damina ta sauka, ruwa ya kwashi ƙazanta ya zuba a rijiya da kududdufi, sai amai da gudawa. Kakanninmu sun san haka, amma ba su da ƙidaya.

A 1918 mura mai tsanani, wadda aka kira marisuwa, ta sauka Ikko daga jirgin ruwa, ta biyo hanyar dogo har Kano. Ba a farga ba sai da ta cika gidaje. A ƙarshen 1970 kwalara ta shigo Nijeriya, a 1971 ta kashe kusan mutum 3,000. Bayan annobar shawara ta 1986 da 1987, gwamnati ta kafa tsarin kai rahoton cututtuka a 1988. Duk da haka a 1996 sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000, ya kashe fiye da 11,000, galibi a Arewa, gama labari ya makara. Sa'an nan a 2011 aka kafa hukumar NCDC, wadda ke tattara lissafin ƙasa duka.

Ga yadda a ke yi yanzu. Kowane mako malamin asibiti yana ƙidaya abin da ya rubuta, ya aika wa jami'in ƙaramar hukuma, shi kuma ya aika Kano, daga Kano sai Abuja. In sanƙarau ya kama mutum 3 cikin 100,000 a mako guda, sai a shiga shiri. In ya kai 10, annoba ke nan, a fito da allura da magani.

Amma wanda ya kwanta a gida ba ya cikin lissafi. Saboda haka in yaro ya soma gudawa, ko numfashinsa ya yi sauri, ko wuyansa ya sanƙare, ku kai shi ran nan. In kun ga mutum uku ko huɗu da ciwo iri ɗaya, ku gaya wa mai unguwa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.