Yadda wayar salula ta kawar da na'urorin sauraren waƙa a Kano

An shafe shekaru ana gogayya tsakanin wayar salula da ƙananan na'urorin sauraren waƙa, kafin wayar ta yi rinjaye.

Kamfanin Sony na Japan ne ya fito da Walkman mai amfani da kaset a shekarar 1979, sannan kamfanin Apple na Amurka ya ƙaddamar da iPod a watan Oktoban 2001.

A shekarar ta 2001 ne kuma kamfanonin MTN da Econet suka fara harkar wayar salula a Najeriya.

Daga shekarar 2005, kamfanoni kamar Sony Ericsson da Nokia sun riƙa fito da wayoyin da ke kunna waƙa, abin da ya kawo ƙarshen buƙatar ɗaukar na'ura biyu.

Dalilan rinjaye

A Kano, iPod bai samu karɓuwa sosai ba, domin yana da tsada, kuma samfurinsa na farko sai da kwamfuta ake zuba masa waƙa.

Ita kuwa waya, musamman ƙirar China, tana da araha, ga rediyo da tocila, ga kuma gurbin memori.

Ƙarancin wutar lantarki ma ya taka rawa. Matsalar da ta durƙusar da masana'antu da dama a Sharaɗa da Challawa da Bompai, ita ce ta sa ma'aikacin masaƙa ko na kamfanin roba ya gwammace na'ura guda da zai kai caji.

A kasuwar waya ta Farm Centre, matasa masu kwamfuta sun shiga sana'ar tura wa mutane karatun Alƙur'ani da tafsiri da waƙoƙin fina-finan Hausa a kan kuɗi ƙalilan.

Waɗanda suka yi asara

Wannan sauyi ya karya cinikin kaset da faifan CD a kasuwanni kamar Ƙofar Wambai. Mawaƙa da masu shirya fina-finai sun sha kokawa cewa ana yaɗa ayyukansu ba tare da sun samu ko kwabo ba.

Apple ya sayar da iPod sama da miliyan 50 a shekarar 2008, amma cinikin ya yi ta raguwa bayan fitowar iPhone. A watan Mayun 2022 kamfanin ya sanar da daina ƙera shi.