Masu Renon Kiristal

Duk wanda ya shigo fanninmu na nazarin kiristal, tarihin na'urori ake fara ba shi. Amma mu da muke wuni a ɗakin gwaji mun san cewa kowace na'ura, komai tsadarta, jira take a kawo mata abu guda: kiristal tilo mara tsaga, wanda ƙwayoyin zarrarsa suka jeru sahu-sahu kamar na ƙwayar gishiri. Wanda bai iya renon wannan ba, bai fara aiki ba.

A 1912, a Munich ta Jamus, Max von Laue da abokan aikinsa suka haska wani kiristal da hasken eksire, sai ga ɗige-ɗige sun fito a kan farantin hoto. Shekara na zagayowa, William Bragg da ɗansa Lawrence a Ingila suka nuna yadda ake karanta ɗigon a gano mazaunin kowace zarra. Gishirin miya na cikin abubuwan da suka fara warwarewa. Sun sami kyautar Nobel a 1915, Lawrence yana ɗan shekara 25.

Gishiri bai ba da wahala ba, da kansa yake daskarewa. Furotin kuwa ya daɗe yana ba magabatanmu ciwon kai, domin hotonsa dishi-dishi yake fitowa. Sai a 1934, a Cambridge, J. D. Bernal ya lura cewa bushewa ce ke lalata shi. Ya rufe kiristal ɗin pepsin a siririn bututun gilashi tare da ruwan da ya girma a ciki, shi da ɗalibarsa Dorothy Crowfoot suka ga ɗigo tangaram. Daga ranar, yadda ake riƙon kiristal ya zama rabin ilimin.

Ita wannan ɗaliba, wadda duniya ta sani da Dorothy Hodgkin, ita ce muke buga misali da ita in ana zancen haƙuri. Ta gano fasalin fenisilin a 1945, sannan na bitamin B12, a zamanin da galibin lissafi da hannu ake yin sa. Tana Gana, inda mijinta ke aiki a jami'a, labarin Nobel ya iske ta a 1964. Insulin kuwa, ta ɗauki hotonsa na farko a 1935, amma bai ba ta sirrinsa ba sai 1969. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Haka Max Perutz ya haura shekara ashirin a kan himogulobin, furotin ɗin jinin nan da canjinsa ke haifar da ciwon sikila.

Akwai kuma reshen masu renon manyan kiristal. A 1916 Jan Czochralski, ɗan Folan, ya gano cewa in aka tsoma abu a narkakken ƙarfe aka janyo shi a hankali, kiristal guda ke biyowa. Da wannan dabara ake jan sandunan silikon da ake yankawa a yi ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta.

Yau abin da ya ci wa Hodgkin shekaru, kwamfuta kan gama shi kafin shayi ya huce. Rumbun adana fasalin furotin da aka buɗe a 1971 da guda 7 kacal ya haura 200,000, kuma da shi aka koyar da manhajar AlphaFold mai hasashen fasalin furotin. Amma reno bai canza hali ba. Har yanzu ɗigon ruwa muke ratayewa a ƙasan ɗan gilashi, mu liƙe bakin, mu ajiye inda ko girgizar ƙofa ba ta kaiwa. Bayan kwanaki ka leƙa ta madubin ƙara girma: wani ɗigon fayau, wani ya dame kamar dusa, wani ya fitar da allurai a cukurkuɗe. In Allah ya sa ka dace da guda mai kaifin gefe, sai ka ɗebo shi da ɗan zobe mai kaurin gashi, ka tsoma a ruwan naitirojin kafin ya bushe.

Shi ya sa nake roƙon malaman kimiyyarmu kada su jira sai sun mallaki na'ura. Da alif, ruwan ɗumi, kofi da zare, yaro zai iya renon kiristal a aji, ya koyi tsafta, lura da jira. Ana iya aika samfur ƙasar waje a auna, amma hannun da ya iya reno a gida ake horar da shi.