Asalin Sunayen Zuriya a Ƙasar Gwandu da Kalgo

Wanda duk ya duba takardun makaranta ko na kotu a ƙasar Gwandu zai tarar kusan kowane mutum yana da suna biyu ko uku, na ƙarshen yana zaune kamar sunan zuriya irin na Turawa. Wannan tsari kuwa baƙo ne, kuma mai binciken tarihi da bai san asalinsa ba yana iya haɗa dangantaka inda babu ita.

A zamanin jihadi suna ɗaya ake raɗa wa yaro ran suna, sa'an nan a jingina shi ga ubansa. Malam Abdullahi, wanda aka danƙa wa yammacin daular Usmaniyya a 1812, ya kuma rasu a 1829, cikakkiyar nasabarsa ita ce Abdullahi ɗan Muhammadu Fodiyo ɗan Usmanu ɗan Salihu ɗan Haruna, har a kai ga Musa Jakollo, kakan da ya jagoranci Toronkawa daga Futa Toro. Kalmar Fodiyo kanta laƙabi ce ta Fulatanci, ma'anarta malami. Laƙabin mutum ɗaya ne, 'ya'yan Abdullahi ba su gāje shi ba, da sunan ubansu aka san su.

Bayan sunan yanka akwai laƙabin da ke bin suna saboda wani magabaci. Ibrahim yakan ja Halilu, kamar Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, wanda ya yi sarauta daga 1833 zuwa 1858. Haruna yakan ja Rashidu, kamar Sarki Haruna Rashidu, daga 1954 zuwa 1995. Akwai kuma sunayen jerin haihuwa na Fulani, watau Dikko da Sambo da Yero, waɗanda alkunya ta ƙarfafa, don uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Duk waɗannan suna bayyana mutum ne shi kaɗai.

Canji ya zo ne da makarantun boko. Da aka tara yara daga larduna dabam dabam, musamman a Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, sai Muhammadu da Umaru suka yi yawa a rajista, aka shiga rarrabe su da garuruwansu. Sardaunan Sakkwato ma Ahmadu Raɓa ake kiransa kafin ya ɗauki sunan kakansa Bello. Ta wannan hanya aka sami Alhaji Umaru Gwandu, shugaban Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa, da Mai Shari'a Umaru Atu Kalgo, wanda aka naɗa alƙalin Kotun Ƙoli a 1998. Wasu kuwa kakan nesa suka koma wa, kamar Mustafa Haruna Jokolo, Sarkin Gwandu daga 1995 zuwa 2005.

Abin ba a ƙasar Hausa kaɗai ya faru ba. Mutanen karkara a Suwidin sun daɗe suna jingina ɗa ga ubansa, ɗan Anders ya zama Andersson, 'yarsa Andersdotter, sunan yana sakewa kowane zamani. Malamai da 'yan birni sun riga su ɗaukar suna tabbatacce, galibi daga itace ko dutse. Uban masanin tsirrai Linnaeus daga wani itace na gidansu ya ƙago nasa, yadda kalgo ma sunan itace ne kafin ya zauna a bayan sunan mutum. Amma can dokar 1901 ce ta tsara al'amarin, sunan uba ya daskare ya zama gādo. A Gwandu kuwa rajista ce ta fara aikin, fasfo da katin ɗan ƙasa suka ƙarasa shi sannu a hankali.

Saboda haka akwai hattara biyu ga mai bincike da malamin tarihi. Mutum biyu masu amsa Gwandu ko Kalgo gari suka haɗa, ba lalle su haɗa jini ba. Wa da ƙane kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya yana iya rubuta sunan uba, ɗaya na gari. Wanda ke neman asalin gida sai ya koma ga jerin nasaba da dattawa ke riƙe da shi, ya rubuta shi tun suna raye, gama takarda suna ɗaya kawai take adanawa daga cikin goma.