Ciwon Sukari Nau'i na Ɗaya: Bayani ga Iyaye da Masu Jinya

Ciwon sukari nau'i na ɗaya cuta ce da ke samuwa idan jiki ya daina samar da sinadarin insulin. Wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ke samar da wannan sinadari, kuma shi ne ke shigar da sukarin abinci daga jini zuwa sassan jiki domin a sami ƙarfi. A wannan nau'i, garkuwar jiki ce ke afka wa ƙwayoyin da ke yin insulin har ta lalata su, sai sukari ya taru a cikin jini.

Ya fi kama yara da matasa, ko da yake manya ma suna kamuwa. Kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ciwon sukari ne ke da shi. Muna son jama'a su fahimci cewa ba shan zaƙi ke kawo shi ba, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Alamominsa

Alamomin kan bayyana cikin 'yan makonni: yawan fitsari, ƙishirwa mai tsanani, rama duk da yawan cin abinci, kasala, da gani dishi-dishi. Yaron da ya daina fitsarin kwance yakan koma yi, wani lokaci kuma a ga kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Idan aka yi jinkiri, sai amai da ciwon ciki da numfashi da ƙarfi su biyo baya, har ya kai ga suma. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, saboda haka a nemi a auna sukarin yaron nan take. Digo ɗaya na jini daga yatsa ya isa.

Magani

Babu abin da ke maye gurbin allurar insulin. A shekarar 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka gano shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka fara yi wa majinyaci allurarsa a 1922. Kafin nan, wanda ya kamu ba ya daɗewa a raye. Ana yin allurar kowace rana har tsawon rayuwa, ba a kuma dakatar da ita domin jiƙe-jiƙe ko don an ji sauƙi.

A ajiye insulin a firji, amma kada ya daskare. Inda babu wutar lantarki, a sa shi cikin tukunyar ƙasa mai sanyi a inuwa.

Idan sukari ya yi ƙasa

Wannan kan faru idan an yi allura ba a ci abinci ba, ko an yi aikin ƙarfi. Alamominsa su ne rawar jiki, gumi, jiri da ruɗewa. A ba majinyaci babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, sannan abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti.

Muna kira ga iyaye su sanar da malaman makaranta halin da ɗansu ke ciki, majinyata kuma su tuntuɓi likita kafin ɗaukar azumin watan Ramadan. Da kulawa mai kyau, yaro zai yi karatu, ya yi sana'a, ya yi aure kamar kowa.