Mutuwar Julia Wallace da Mijin da Aka So Ratayewa

Ranar 20 ga Janairu, 1931, aka iske gawar Julia Wallace a falon gidansu mai lamba 29, titin Wolverton, unguwar Anfield a Liverpool, birnin da jiragen ruwa ke sauke gyaɗar Kano a wancan zamani. An farfasa mata kai. Mijinta William Herbert Wallace, ɗan shekara 52, mai karɓar kuɗin inshora na kamfanin Prudential, shi 'yan sanda suka kama. A watan Afrilu masu taya alƙali yanke hukunci suka same shi da laifi cikin kusan awa guda, aka yanke masa rataya. A ganina zato aka bi, domin hujjar da aka gabatar ba ta isa a kashe ko kaza ba.

Ga yadda abin ya faro. Daren da ya gabata wani ya buga waya ƙungiyar 'yan darar da Wallace ke zuwa, ya ce sunansa R. M. Qualtrough, yana son Wallace ya same shi washegari da ƙarfe 7:30 na dare a lamba 25, Menlove Gardens East, kan maganar inshora. Babu titi mai wannan suna. Wallace ya yi ta bulayi yana tambayar mutane, ya dawo gida wajen 8:45, ya tarar da gawa a gaban maƙwabtansa. Masu gabatar da ƙara suka ce shi ya buga wa kansa wayar don ya samu mafaka. Sai dai lokaci ya ƙi ba su haɗin kai. Yaron da ke kai madara ya fara cewa ya ga Julia da ranta wajen 6:45, ga shi kuma an tabbatar Wallace yana cikin taragon lantarki da 7:06, nesa da gida. Ke nan mutum mai ƙoda ɗaya, mai yawan jinya, ya yi kisan da jini ya fantsama har bango, ya wanke jikinsa tas, ya ɓatar da makamin da har yau ba a gano ba, ya kama hanya, duk cikin 'yan mintoci. Ba a samu jini a tufafinsa ba. Likitan da ya duba gawar, John MacFall, bai ma auna zafin jikinta ba. Da sandarewar gaɓoɓi ya kintaci lokacin mutuwa, daga baya kuma ya sauya magana.

Masu ganin laifinsa ba su rasa abin faɗa ba. Rumfar tarhon da aka yi kiran tana da nisan yadi 400 kacal daga gidansa, an kuma samu rigar ruwansa a ƙarƙashin gawar, ta ɗan ƙone. Waɗannan abubuwa suna da nauyi, har marubuciya P. D. James ta ce a 2013 shi ne ya yi kisan. Amma wanda ke son ya tabbatar Wallace ya bar gida kafin ya buga waya, ai a kusa da gidan zai tsaya. Samuel Beattie, shugaban 'yan darar da ya ɗauki saƙon, ya san Wallace shekara da shekaru, ya kuma shaida wa kotu cewa muryar ba tasa ba ce. Abin da ya fi cutar da Wallace shi ne natsuwarsa: bai yi kururuwa ba, bai faɗi yana birgima ba, sai jama'a suka ce zuciyarsa ta bushe. Mu da muke yabon mai dauriya a gidan makoki bai kamata mu karɓi wannan a matsayin shaida ba. Ko a fiƙihun Malikiyya, ba a ba dangin mamaci damar rantsuwa hamsin ta ƙasama sai da alama mai ƙarfi, kuma rashin hawaye ba ya cikinta.

Shi kansa alƙalin, Mai Shari'a Wright, ya karkata ga sakinsa. A watan Mayu kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce hujja ba ta kai ba, abin da ba ta saba yi ba. Wallace ya rasu a Fabrairun 1933 da ciwon ƙoda.

Daga baya ɗan jarida Roger Wilkes ya ɗora kisan a kan Richard Gordon Parry, tsohon abokin aikin Wallace da ya san inda ake ajiye kuɗin inshora, bisa maganar wani mai wankin mota da ya ce ya ga safar hannu mai jini a motar Parry. Nan ma ina ja da baya. Maganar ta fito fili ne bayan shekara hamsin, lokacin Parry ya riga ya mutu a 1980, kuma tun 1931 ya kawo wa 'yan sanda shaidun inda yake a daren.